Idan Numfashin Yaro Ya Tsaya: Abin da Za a Yi Kafin a Kai Asibiti

Duk shekara idan damina ta kankama, kududdufai suka cika, ba a rasa jin sanarwa daga hukumar kashe gobara ta jihar Kano cewa jami'anta sun tsamo yaro daga ruwa, ko sun ciro wani daga rijiya. Sau da yawa labarin kan ƙare da jimla guda: an garzaya da shi asibiti, likita ya tabbatar rai ya yi halinsa. Abin da labarin ba ya kawowa shi ne yadda aka yi da mintunan da ke tsakanin fito da yaron da isarsa hannun likita. Wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan wuri ya san yadda take kasancewa. Jama'a sun yi cincirindo ana ta salati. Wani ya kifa yaron yana danna masa ciki wai ya amayo ruwan da ya sha, wani yana girgiza shi yana kiran sunansa, wani ya ruga bakin titi neman adaidaita sahu. Kafin a samu abin hawa, a ratsa cunkoso, a isa asibiti, an ci minti 20 ko 30. Ita kuwa ƙwaƙwalwar ɗan Adam, da zarar iskar oksijin ta daina isa gare ta, cikin minti 4 zuwa 6 take fara lalacewa.

Kowa a wurin nan alheri yake nufi. Sai dai taimakon da yaron ya fi buƙata yana hannu da bakin wanda ya fi kusa da shi, a nan inda aka kwantar da shi. Shi ne abin da ma'aikatan lafiya ke kira CPR: a danna ƙirji a kai a kai domin jini ya ci gaba da zagayawa, a kuma hura iska cikin huhu ta baki. Babu allura a ciki, babu magani, babu buƙatar wutar lantarki. A shekarun 1950 wasu likitoci biyu a Amurka, James Elam da Peter Safar, suka tabbatar cewa iskar da mutum ya fitar daga bakinsa ta isa ta riƙe ran wani, domin iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari, wadda muke fitarwa kuma da sauran kusan kashi 16. A 1960 kuma William Kouwenhoven da James Jude da Guy Knickerbocker na jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore suka nuna cewa danna ƙirji daga waje yana tura jini. Kafin nan sai likita ya tsaga ƙirji ya matsa zuciya da hannunsa. Haɗa waɗannan abubuwa biyu ne ya fitar da ceton rai daga ɗakin tiyata ya kawo shi tsakar gida.

Wurin da ya kamata a tsaya a fahimta sosai shi ne bambancin yaro da babba. Babba idan ya yanke jiki ya faɗi, galibi zuciyar ce ta samu matsala kai tsaye: jijiyar da ke ciyar da ita ta toshe, ko bugunta ya rikice. A wannan lokacin huhunsa da iska a ciki, jininsa kuma yana ɗauke da oksijin da zai kai shi wasu mintuna. Shi ya sa ake gaya wa wanda bai samu horo ba cewa ko danna ƙirjin kawai ya yi wa babba, ya yi aiki. Yaro ba haka yake ba. Mafi yawan lokuta zuciyarsa lafiyarta ƙalau. Injin ne mai kyau, mai ne ya ƙare masa. Numfashi ne ke fara tsayawa, ko dai saboda nutsewa a ruwa, ko wani abu ya maƙale a maƙogwaro, ko ciwon huhu ya yi tsanani, ko asma, ko hayaƙin janareta ko na gawayi a ɗakin da aka rufe. Gudawar da ta tsotse ruwan jiki da zazzaɓi mai tsanani su ma kan kai ga haka. Oksijin ya ragu a jini, zuciya ta fara rage gudu, can daga baya ta tsaya. Ga shi kuma jikin ƙaramin yaro, in aka kwatanta da nauyinsa, yana cin oksijin kusan ninki biyu na babba, don haka ɗan abin da ya adana ba ya daɗewa.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, lokacin da zuciyar yaro za ta tsaya jininsa ya riga ya zama fanko, danna ƙirji kaɗai jinin da babu oksijin zai yi ta zagayawa da shi. Wani babban bincike da aka yi a Japan a kan yara sama da 5,000, aka buga shi a mujallar Lancet a 2010, ya nuna cewa yaran da zuciyarsu ta tsaya ba don ciwon zuciya ba sun fi tsira da ƙwaƙwalwa lafiya idan aka haɗa musu hura iska da danna ƙirji, fiye da waɗanda aka danna wa ƙirji kawai. Na biyu, kuma shi ne abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa, akwai 'yar tazara tsakanin tsayawar numfashi da tsayawar zuciya. Yaron da aka riska a cikin wannan tazara, hura masa iska kaɗai na iya dawo da shi.

To yaya za a gane lokacin ya yi? Kafin komai mai taimako ya kula da kansa. Idan wuta ce ta ja yaron, a kashe ta tukuna. Idan ruwa ne kuma mutum bai iya iyo ba, ya miƙa sanda ko igiya. Rijiya mai zurfi kuwa ta sha cin wanda ya shiga ceto, saboda ƙarancin iska a ƙasanta. Bayan haka a taɓa kafaɗar yaron a kira shi da ƙarfi, jariri kuma a ɗan ɗalle masa tafin ƙafa. Kada a girgiza jariri, girgiza na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwarsa. Idan bai motsa ba, a ɗaga murya a nemi taimako, kuma a ware mutum ɗaya a ɗora masa aiki: "Kai mai jar riga, kira 112. Kai kuma Malam, samo mana mota." Idan aka ce "wani ya kira", kowa sai ya zaci ɗan'uwansa ya kira. Lambar 112 ita ce ta gaggawa a Najeriya kuma kyauta ce, amma ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba, aiki ba zai jira ba. A sa wayar a lasifika a ajiye a ƙasa.

Sannan a kalli ƙirji da ciki, kada ya wuce daƙiƙa 10. A nan ake yawan ruɗewa. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan riƙa jan wata irin iska jefi-jefi, baki na buɗewa, wani lokaci da ƙara kamar minshari. Wasu sai su ce ai yana numfashi, a bar shi ya huta. Wasu kuma su ce gargara ce, a fara laƙanta masa kalmar shahada, a jawo zane a rufe. Wannan jan iska alama ce ta cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama mutuwa ba, kuma shi ne lokacin da ya fi dacewa a fara aiki. Mai addu'a ya yi addu'arsa, amma hannun wani ya kasance a kan ƙirjin yaron. Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan, sai dai mu ba mu san ranar ba, kuma a Suratul Ma'ida aya ta 32 an ce wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Wanda ba ma'aikacin lafiya ba kada ya ɓata lokaci wajen laluben bugun jijiya, ko ƙwararru kan yi kuskure a nan. Yaro bai motsa ba, ba ya numfashi yadda aka saba: wannan ya isa dalili. A fatarmu baƙa ba a cika ganin canjin launi a fuska ba, amma cikin leɓe da harshe da dasashi kan koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi.

A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ƙasa ko tabarma ko tebur. Katifa ba ta yi, duk dannar da aka yi ita za ta shanye. Jariri, wato wanda bai kai shekara ɗaya ba, ƙeyarsa babba ce, idan ya kwanta kansa kan sunkuyo gaba ya naɗe hanyar iska, harshensa kuma ya koma baya ya toshe ta. Hannu ɗaya a goshi, yatsa a ƙarƙashin ƙashin haɓa, a daidaita kan har fuskarsa ta kalli sama sosai, ba tare da an tanƙwara wuyan baya ba. Wanda ya haura shekara ɗaya ana ɗan ƙara karkata kansa baya a ɗaga haɓa. A leƙa baki. Abin da ido ya gani kuma yatsa zai iya ɗaukowa, a cire. Abin da ba a gani ba kada a zura yatsa nemansa, ƙara tura shi ciki za a yi.

Ga jariri, bakin mai taimako zai rufe baki da hanci gaba ɗaya. Ga yaro, a toshe hanci da yatsu biyu a haɗa baki da baki. A hura a hankali na kusan daƙiƙa ɗaya, ido na kan ƙirji. Da ya ɗago, ya isa. Jariri ba ya buƙatar fiye da iskar da ke cikin kumatun babba, hurawa da ƙarfi ciki take cikawa ta jawo amai. Idan ƙirji bai ɗago ba, kusan kullum zaman kan ne bai daidaita ba, a gyara a sake. Masana na Turai da Ingila suna koyar da a fara da hura iska sau 5. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka tun 2010 ta zaɓi a fara da danna ƙirji, domin a sauƙaƙa wa jama'a da tsari ɗaya na babba da yaro, amma su ma sun yarda a fara da numfashi ga wanda ya nutse. Ni dai idan na dubi abubuwan da ke tsayar da zuciyar yaranmu, na fi natsuwa da a fara da numfashi biyar ɗin.

Idan bayan haka bai motsa ba, bai yi tari ba, bai fara numfashi ba, sai danna ƙirji. Wurin shi ne rabin ƙasa na ƙashin tsakiyar ƙirji. A jariri, ɗan ƙasa kaɗan da layin da ya haɗa kan nononsa biyu. A zagaye ƙirjinsa da hannu biyu, yatsu na bayansa, manyan yatsu biyu a kan ƙashin, da su za a danna. An daɗe ana koyar da danna wa jariri da yatsu biyu na hannu ɗaya, amma ƙa'idojin da aka sabunta a 2025 sun bar wannan, saboda an ga dannar ba ta cika kai zurfin da ake so ba. Wanda hannunsa bai iya zagaye ƙirjin ba ya yi amfani da gindin tafin hannu ɗaya. Yaron da ya wuce shekara ɗaya ma gindin tafin hannu ne, gwiwar hannu a miƙe, kafaɗa a saitin ƙirjinsa. Idan yaron ya tasa, a ɗora hannu a kan hannu.

Zurfin dannar shi ne kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirji, kusan santimita 4 ga jariri, santimita 5 ga yaro. Saurinta 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wato kusan biyu a kowace daƙiƙa. Bayan kowace danna a saki ƙirji ya dawo daidai, domin a lokacin sakin ne zuciya ke cika da jinin da za a tura. A danna 30, a hura 2, a koma. Idan mutum biyu ne masu horo, 15 da 2. A riƙa ƙirgawa da ƙarfi, kuma idan da mai karɓa a yi canji duk minti 2, domin hannu na gajiya tun kafin mai shi ya ankara.

Na san abin da ke riƙe hannun uwa a wannan wuri: tsoron karya wa ɗanta haƙarƙari. Haƙarƙarin yara masu laushi ne, ba su cika karyewa ba, in ma sun karye suna ɗoruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne danna sama-sama don tausayi, wanda ba ya tura jini ko'ina. Wanda kuma ya kasa haɗa baki da yaron da bai sani ba, ko don jini ko don amai, to ya danna ƙirjin kawai, ya fi a tsaya ana kallo nesa ba kusa ba. Idan amai ya taso, a juya shi gefe, a share bakin, a mayar da shi a ci gaba. Wanda yake shi kaɗai babu waya, ya yi aikin na minti ɗaya ko biyu kafin ya tafi neman taimako. Jariri ne, ya tafi da shi a hannu.

Batun ruwa kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ba sai kogi ba, bokitin wanki ko baho ya isa ya ci yaro mai rarrafe. Al'adar kifa shi a danna ciki ba ta fitar da komai daga huhu. Ruwan da ake gani yana fitowa daga tumbi yake, kuma yana iya komawa hanyar iska ya ƙara ɓarna. Duk mintin da aka ɓata a kan haka, na numfashi ne aka cinye.

Shaƙewa tana da nata tsarin, domin yaron yana nan a farke. Gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, alewa, murfin biro, fasasshen balan-balan: su ne aka fi samu. Muddin yana tari da ƙarfi ko yana kuka, iska na wucewa, a bar shi ya yi tarin a tsaya kusa. Kada a ba shi ruwa. Idan tarin ya mutu, murya ta ɗauke, ido ya firfito, sai a kifa jariri a kan hannu, hannun a kan cinya, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa, yatsu na tallabe da muƙamuƙinsa. A buga gadon bayansa tsakanin allunan kafaɗa sau 5 da gindin tafin hannu. Bai fito ba, a juyo shi a danna ƙirji sau 5, a yi ta maimaitawa. Ba a matsa wa jariri ciki, hantarsa na iya fashewa. Wanda ya haura shekara ɗaya, bayan bugun baya biyar, a durƙusa a bayansa, a sa dunƙulen hannu tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji, a ja ciki da sama sau 5. Da ya sume, a kwantar da shi a fara CPR. A nan dole in ambaci ɗura. Toshe wa jariri hanci a ɗura masa koko ko magani yana kuka hanya ce ta tura abinci cikin huhu, kuma ya kamata iyaye mata da kakanni su bar ta.

Jijjigar zazzaɓi daban ce, zuciya na aiki, ba a danna ƙirji. A kwantar da yaron a gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura man ja ko jiƙo. Idan ta lafa a duba numfashinsa.

Jaririn da aka haifa yanzu bai yi kuka ba shi ma babi ne mai zaman kansa, kuma ya shafe mu sosai tunda yawancin haihuwa a arewa maso yammacin Najeriya a gida ake yin ta. Kusan 1 cikin kowane jarirai 10 na buƙatar ɗan taimako kafin ya fara numfashi, amma waɗanda ke kaiwa ga danna ƙirji ba su kai 1 cikin 100 ba. A 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da abokan aikinta suka fito da shirin Helping Babies Breathe domin wuraren da babu kayan aiki. Ginshiƙinsa shi ne minti na farko: a tsane jariri da tsumma mai tsabta, a goga masa baya, a rufe shi don ɗumi, idan bai yi numfashi ba a fara ba shi iska da 'yar jakar roba mai marfin fuska kafin minti ɗaya ya cika. A asibitoci 8 na Tanzaniya da aka koyar da shi, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Riƙe jariri kai ƙasa ana marinsa, ko watsa masa ruwan sanyi, ba sa cikin abin da ke taimako. Ungozomar da babu jakar a hannunta, bakinta na nan.

Kada in yi wa mai karatu romon baka. Ko a Amurka mai motocin asibiti ko'ina, cikin yaran da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti kusan 1 cikin 10 ne ke komawa gida da rai, jarirai ma ba su kai haka ba. CPR ba ya warkar da abin da ya kawo matsalar, lokaci yake saya wa ƙwaƙwalwa. Amma waɗanda aka fara musu nan take sun fi waɗanda aka jira tsira, musamman na ruwa da na shaƙewa. Inda aka samu na'urar AED mai gyara bugun zuciya da lantarki, a kunna ta a bi umarnin da take faɗa. Ƙaramin yaro ana manna masa faifai ɗaya a ƙirji, ɗaya a baya. Ba a tsayawa sai yaro ya motsa ko ya fara numfashi, ko ma'aikatan lafiya sun karɓa, ko ƙarfin mai yi ya ƙare babu mai canjinsa. Idan babu motar asibiti mai zuwa kuma dole a tafi da shi, a samu motar da za a shimfiɗe shi a wuri mai tauri a ci gaba da aiki a hanya. A kan babur, yaro a saɓe a kafaɗa, babu abin da ke isa ƙwaƙwalwarsa.

Karatu irin wannan ba ya maye gurbin gwadawa da hannu a jikin mutum-mutumin roba. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya na koyar da taimakon gaggawa a rassanta na jihohi, kuma 'yan sa'o'i sun isa a koyi wannan ɓangare. Da ni ke da iko, da malaman firamare da na Islamiyya da na tsangaya, da ungozomomi, da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, da direbobin adaidaita sahu zan fara, domin su ne ke wurin kafin kowa. Ranar awo ma, da mata ke zaune suna jiran layi, dama ce da ake bari tana wucewa.

Idan Allah ya sa yaron ya farfaɗo, a kwantar da shi a gefensa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, kada a ba shi abinci ko ruwa, ido kuma na kan ƙirjinsa har a isa asibiti. Zuwa asibitin dole ne ko da ya tashi ya zauna yana magana, domin huhun wanda ya nutse na iya rikicewa bayan wasu sa'o'i, wanda aka matsa wa ciki kuma sai an duba kayan cikinsa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowace cibiyar lafiya a Najeriya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. A gaya wa likita abin da ya faru, da lokacin da aka tsamo shi, da tsawon mintunan da aka yi ana danna masa ƙirji.